Girar da Saffana Ta Zana

Litinin, 21 ga Yuli 2008, bayan sallar asuba

Fentin fuskar Yalwa ya fara tashi. Na gani da na buɗe labule, a ƙarƙashin idon dama, wuri kamar ƙwayar gero. Ban taɓa ba. Na mayar da labulen, domin rana tana ɓata irin jikinta.

Na sayi wannan littafi ne don rubuta samfurin jakunkunan da nake sara a Shiling, garin kasuwar jaka da ke gefen Guangzhou. Rabona da Shiling tun Afrilu. To bari ya yi wani amfanin.

Yalwa 'yar tsana ce. Na rubuta haka a fili don kada wani ya tsinci littafin ya ce matar nan ta zauce a Guangzhou. Tsayinta ya ɗan wuce gwiwata. Kowace gaɓa tata a kan ƙwallo take juyawa, wuya, kafaɗa, gwiwar hannu, idon sawu, kuma roba ce ta ɗaure su ta ciki. Ana cire mata kai, a buɗe ƙoƙon, a canja ido. Fara fat ta zo daga kamfani, ba ta da fuska. 'Yata Saffana ce ta rina ta a tukunyar tuwona har ta zama launinmu, na yi kwana uku ina faɗa. Ni ce mai ɗinkinta, atamfa da leshi da 'yar jakar fata. Saffana ce mai fuska. Sau uku ta zana ta cikin shekara biyu. Ta ukun a Afrilu ta yi, a kan gado, da tire a cinya. Girar hagu ta karkace sama daga tsakiya, inda hannunta ya yi rawa. Ta ce za ta gyara in ta ji ƙarfi.

Yau kwana hamsin da shida da rasuwarta.

Laraba, 23 ga Yuli, ƙarfe huɗu

Ƙanena Ghali ya kawo wani Alhaji Shitu, mai sarin wayoyi daga Kano, ya yi mini gaisuwa. Ya gama gaisuwar cikin minti biyu, idonsa ya sauka a kan Yalwa.

"A'a, Hajiya, ke ma kina kallon kartun ɗin Japan ɗin nan? Yarana sun hana ni jin labarai saboda su. Me ake ce musu ma, Ghali?"

"Anime," in ji Ghali, yana murmushi kamar ya ci jarrabawa.

Na ce, "Alhaji, shayinka yana hucewa."

Shekara goma sha tara na koyar da adabi a makarantar 'yan mata kafin in fara jan buhunan jaka. Na san abin da mutum yake yi in ya ga abin da bai sani ba. Sai ya laluba aljihu, ya zaro sunan da ya fi kusa, ya liƙa masa, ya huta. Waɗancan zane ne a talabijin, dubu kamarsu ɗaya, ido kamar faranti, hanci kamar cizon sauro, baki kullum a buɗe don mamaki. Fuskokin da ba su taɓa zaman jira a barandar asibiti ba. Wannan kuwa guda ɗaya ce a duniya, kuma hannu ɗaya ne ya yi ta.

Da za su fita Ghali ya tsaya a ƙofa ya rage murya. "Yaya, in za ki koma gida ki bar ta a nan. Abu mai fuska, kin san maganar da za a yi."

Na ce littattafan addinin da yake jin labarinsu a kaset, ni karanta su na yi.

Juma'a, 25 ga Yuli, hantsi

Wurin ya kai girman ƙwayar dawa.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan azahar

Maƙwabciyata Aicha, 'yar Maraɗi mai gidan abinci a ƙasan bene, ta hawo da dambu. Ta zauna ta ƙura wa Yalwa ido, ta ce, "Wallahi Hajiya, ta yi kama da ɗiyarki."

Ba ta yi ba. Ba ta taɓa yi ba. Saffana doguwar fuska ce da ita, irin ta ubanta, ga wushirya. Mutane suna faɗin haka ne don suna ganin shi nake son ji. Na ci dambun. Na gode mata.

Lahadi, 27 ga Yuli, kafin magariba

Na je taronmu na masu 'yan tsana, na ƙarshen wata, a gidan shayin nan na bene na uku. Mu goma sha ɗaya, kowa da tata a kan tebur. Wannan ne zuwana na farko ni kaɗai. Sun bar kujerar kusa da ni ba kowa, ban san ko in gode musu ko in kife teburin ba.

Wani saurayi da kyamara a wuya ya tsaya yana tambayar daga wane fim suke. Madam Lo, wadda ta yi shekara talatin tana ɗinka kayan 'yan wasan dandali, ta ɗago ta kalle shi ta saman tabarau. Ta ce tata daga hannunta take, shi daga wane fim yake? Ya tafi. Sai gardama ta tashi, wadda muke yi kowane wata. 'Yan matan suka ce mene ne abin fushi, su ta kartun suka fara sanin 'yan tsanan. Madam Lo ta ce ita ma ta ƙofar kicin ta shigo gidan shayin nan, amma ba tukunya ba ce. Na goyi bayanta da ɗan Sinancin da nake da shi, sauran na cika da Turanci da hannu.

Gaskiya ɗaya da ban faɗa musu ba. Saffana ma tana kallon anime. Takan yi dariya in na fara faɗa, ta ce, "Umma, ni fa ta can na shigo. Ke ce kawai kika ɗauki abin kamar an zagi kakarki." Sai in ce amma ba irin fuskarsu kika zana ba. Sai ta ce, "Ai shi ya sa nake zanawa da kaina."

Madam Lo ta ɗauki Yalwa ta kai kusa da taga, ta daɗe tana dubawa. Ta ce feshin da ke kulle fenti ne ya mutu. Sai an sake fesawa, in ba haka ba kafin wata biyu fuskar za ta zube. Kuma kada in kuskura in fesa da kaina a wannan laimar, fari zai yi kamar an barbaɗa gari. Akwai wata yarinya a Panyu, can kudancin gari, sunanta Fei, mai zana fuskoki, tana da ɗaki da na'urar busar da iska.

Ta riƙe hannuna ta ce, "Ki je da ƙafarki, ki gaya mata da bakinki. Feshi kawai. Duk kan da ya zo musu da tsohuwar fuska, wanke shi suke fara yi. Haka aikin yake."

Litinin, 28 ga Yuli, ƙarfe biyu

Bizar ƙarshe da aka ba ni ta jinya ce, kuma ta ƙare. Na kai fasfo ofis don a ƙara mini kwanakin haɗa kaya. Sun karɓa, sun ba ni 'yar takarda, sun ce in dawo bayan sati uku. Saboda wasannin Olamfik kowa a tsorace yake. A unguwar Dengfeng ana tare mutane a bakin titi da bakin tashar jirgin ƙasa, a ce fasfo. Rabin shagunan waya a rufe. Aicha ta ce an tafi da wani ɗan Yamai da takarda irin tawa a hannunsa, sai da ya kwana biyu kafin a gane gaskiyarsa.

Ba tsoron kwana biyu nake ba. Na ga abin da ya fi shi. Tsorona a kama ni da kwalin Yalwa a hannu, wani ya buɗe ya sa yatsa.

Laraba, 30 ga Yuli, hantsi

Wuri na biyu ya tashi, a goshi. Tsakaninsa da girar bai kai faɗin farce ba.

Ba zan iya jiran sati uku ba.

Alhamis, 31 ga Yuli, bayan la'asar

Ghali yana da kaya a Panyu, shi na ba. Na cire kan da kaina. Na cire gashin, na buɗe ƙoƙon, na fitar da idanun na sa a gwangwanin shayi, domin ba a aika kai da ido. Idanu ne na gilashi, ruwan ƙasa. Wata huɗu Saffana ta yi tana nemansu, kowane shago shuɗi da kore suke nuna mata, in ta ce ruwan ƙasa su ce "meyo", babu.

Na rubuta takarda da manyan baƙaƙe: feshi kawai, kada a goge komai, kada a gyara girar. Aicha ta sa wani mai cin abinci a wurinta ya rubuta da Sinanci a ƙasa. Na sa a hannun Ghali, na sa ya maimaita sau uku.

"Yaya, na ji. Kontena guda nake lodawa ba a taɓa ɓatar mini da kwali ba."

Jikin yana zaune a kan shiryayye, ba kai. Na lulluɓe shi da mayafi.

Yau kwana sittin da shida.

Asabar, 2 ga Agusta, safe

Ghali ya ce ya kai. An ce saura kwana goma a karɓo.

Talata, 5 ga Agusta, bayan azahar

Na haɗa littattafan Saffana na jami'a a kwali biyu. Ƙamus, littattafan zanen gini, da faifan kartun ɗinta cike da jaka. Na sa ɗaya a kwamfutarta don in ga abin da take gani. Minti ashirin na jure. Wata yarinya mai shuɗin gashi tana kuka, hawayen suna fita kamar famfo ya fashe. Ba haka ake kuka ba. Wanda ya zana wannan bai taɓa ganin wanda ya gaji da kuka ba.

Amma na san inda za ta yi dariya. Na ji wurin. Na kashe.

A ƙasan jakar na tarar da fensirin kwallinta, an fere shi har ya kusa ƙarewa. Kowace safiya a watannin nan, tun da magani ya zubar mata da gashi da gira, sai ta ce in riƙe mata madubi. Ba zan rubuta wannan ba.

Asabar, 9 ga Agusta, safe

Jiya aka buɗe wasannin. Duk benen ya sauka wurin Aicha kallo. Na ji ihunsu ta ƙasan ɗakina lokacin da aka nuno 'yan Nijar, sannan na 'yan Najeriya. A bara Saffana ta ce za ta ja ni har Beijing ko da kujerar ƙarshe ce, ta ɗauki Yalwa hoto da tuta. Na ɗinka 'yar riga kore da fari tun Janairu. Tana cikin gwangwanin biskit.

Na ja labule.

Talata, 12 ga Agusta, ƙarfe uku

Ghali ya kawo kwalin. Ya ajiye yana fara'a, ya ce lawban ɗin, mai shagon, ta ce ba ta taɓa aiki a kan baƙar fata ba, har ta ƙara ƙoƙari. Na ce ya tafi, zan buɗe ni kaɗai.

Na buɗe.

Laraba, 13 ga Agusta

Ban ci ba. Aicha ta buga ƙofa sau biyu.

Alhamis, 14 ga Agusta, hantsi

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta ba da haƙuri.

Kumatu ruwan hoda. Gashin ido dogaye, an ja su har gefen fuska don ramin ido ya yi girma. Shunayya a fatar ido, leɓe yana ƙyalli kamar an lashi mai, ɗan tauraro a ƙarƙashin idon dama, daidai inda fentin ya fara tashi. Gira biyu sirara, a sama, daidai wa daida, kamar da ma'auni aka yi su.

Abin da ya fi ci mini rai, aikin yana da kyau. Hannun yarinyar bai yi rawa ko sau ɗaya ba.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan an sauko daga masallaci

Na kira shi. Ya shigo da hular Juma'a da ƙamshin turare. Na ajiye kan a gabansa, na ce ina takardar.

Ya taɓa aljihu, ya sake taɓawa. Ya ce ranar zufa ta jiƙa shi a wurin lodi, ya canja riga a mota. Takardar tana aljihun waccan.

"Sai ka ce mata me?"

"Ba ta jin Turanci, Yaya. Ta ɗauko wani littafin hotuna, wai in zaɓa. Na ga kowa haka yake yi."

"Sai ka ce me?"

"Na nuna wadda ta fi kyau. Na ce irin ta anime ɗin nan." Ya cire hularsa. "Ai na ɗauka ita ce asalinsu. Na ɗauka tsohon fentin ne ya lalace, har girar ta karkace."

Na gaya masa wanda ya zana girar, da ranar, da abin da aka yi mata a asibiti da safiyar ranar. Bai sani ba. Shekara biyu yana shigowa ɗakin nan yana cin tuwona, bai taɓa tambayar wa ya yi fuskar ba. Yana da suna a aljihu, me zai tambaya?

Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta ba. Ya tsaya yana ji, hular a hannu. Shi ne ya yi yawon takardu a watan Mayu lokacin da ni ko tsayuwa ba na iyawa. Shi ne ya shiga ramin ya karɓe ta. Na san wannan duka, kuma ban fasa faɗa ba.

Litinin, 18 ga Agusta, kafin magariba

Fasfo ya fito. Sun ba ni zuwa Asabar. Yanzu da ba ni da abin kaiwa, ina iya zuwa ko'ina.

Madam Lo ta raka ni Panyu. Fei ba ta wuce shekarun Saffana ba, siririya, da fenti a farce. Da Madam Lo ta yi mata bayani sai ta rufe baki da hannu biyu. Ta ce ta ga girar, ta ɗauka aikin mai koyo ne. Ta ce wanda ya kawo ya zaɓa a littafi, kuma duk wanda ya zaɓa a littafi sabuwar fuska yake so. Ta yi ta cewa "dubuci, dubuci", wato in yafe.

Na zo da jawabi a bakina, na shirya shi tun a jirgin ƙasa. Na kalle ta na rasa inda zan ajiye shi.

Na tambaya ko ta ɗauki hoto kafin ta goge. Meyo.

Na tambaya audugar da ta goge da ita fa. Madam Lo ta kalle ni, ba ta so ta fassara ba. Na ce ta fassara. Yarinyar ta je ta duba kwandon shara, ko da yake ta san an kwashe shi sau goma sha bakwai tun ranar. Ta dawo. Meyo.

Ta ce in bar kan, za ta wanke ta zana duk yadda na kwatanta. Na ce a'a. Na ce ta ba ni kwalbar ruwan gogewar kawai.

A hanya Madam Lo ta ce ita ma gobe za ta rubuta a dandalinmu na intanet, kowa ya ji abin da kalma ɗaya ta jawo. Na ce ta rubuta. Gardamar da muke yi kowane wata, yau na ci ta. Ga abin da na samu a kwali a kan cinyata.

Laraba, 20 ga Agusta, hantsi

Madam Lo ta aiko da hotuna bakwai da 'yan taro suka tono. Duk na fuska ta biyu ne, ta bara, gira a miƙe. Bayan Afrilu Yalwa ba ta fita ba sai ranar da na kai ta, kuma ranar ba wanda ya ɗaga kyamara, don girmama ni.

Na gwada zana girar a takarda. Sau goma sha huɗu. Na san ta tashi daga tsakiya. Ban san ko ta sauko daga baya ba, ko a sama ta ƙare. Wata huɗu ina kallonta kullum.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan azahar

Ghali ya aiko Aicha da takardar. Ya same ta bayan an wanke rigar, ta dunƙule, ba a ganin komai sai "kada". Aicha ta ce, "Hajiya, kwana shida bai ci abin kirki ba. Mi zan ce mishi?"

Na ce ta ce masa ya zo gobe ya ɗaure mini kwalaye.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan la'asar

Iska da ruwa tun safe. Gobe jirgi, in an bar shi ya tashi.

Na shimfiɗa tawul a kan tiren nan. Na jiƙa auduga. Tauraron na fara gogewa, sannan kumatun, sannan leɓen. Girar biyu na bari ƙarshe, suka tafi a shafa ɗaya. Ruwan ya ɗan ci rinin, launin ya koɗe, ya yi toka-toka. Na wanke da sabulu, na busar. Na ɗauko gwangwanin shayi na mayar da idanun, na daidaita su har suka kalli wuri ɗaya. Na ja robar na ɗaura kan a wuya.

Gashin yana hannuna zan sa mata, Ghali ya yi sallama ya shigo da igiya. Na san abin da zai ce, tunda yanzu ba fuska, ba mai magana a gida. Na shirya amsa.

Bai ce ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin. Igiyar ta faɗi. Ya ce, "Yaya," bai ƙara ba, ya zauna a ƙasa ya juya wa shiryayyen baya.

Sai na ja da baya na kalle ta daga inda yake.

Kai ba gashi. Ba gira, ba gashin ido. Fatar ta koɗe. Idanu ruwan ƙasa, manya a fuskar, suna jira a riƙe musu madubi.

Na ajiye gashin. Na yanki ƙyallen atamfa na ɗaura mata ɗankwali, ƙulli a gefen hagu, yadda Saffana take so don kada ya dame ta in ta kwanta.

Ba za ta shiga kwali ba. A hannu zan riƙe ta.

Yau kwana tamanin da takwas. Aicha ta yi gaskiya da ta ce sun yi kama, wata guda kawai ta riga.